Faston da Muka Rufe wa Baki

Yau labarin wata kunya muka zo da shi, wadda muka sha mu uku a gaban ƙungiya, da karatun da ta jefa mu ciki.

Mu ukun tare muka yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, tare muka shiga ƙungiyar marubuta ta garinmu, kuma mun saba haɗa hannu a kan gajeren labari ɗaya: wannan ya kawo jigo, wancan ya ɗinka zance, na uku ya yi tankaɗe da rairaya. A wani zaman karatu na wata-wata muka karanta labarinmu, wanda a cikinsa akwai wata fitowa a motar haya. Malami da fasto sun zauna kujera ɗaya, hira ta gangaro kan addini. Malam ya tambayi fasto da wane harshe Annabi Isa (AS) ya yi wa mutanensa magana. Fasto ya ce Aramiyanci. Malam ya ce to ina littafin da aka rubuta da Aramiyancin, tunda wanda ke hannunku da Girkanci aka rubuta shi? Fasto ya yi tsit, gumi ya karyo masa, fasinjoji suka ɗauki shewa. Mun ji daɗin wurin nan ƙwarai. Daga faifan muƙabalar Ahmad Deedat da muka taso muna kallo muka aro salon, kuma muna ganin mun burge.

A cikin ƙungiyar akwai wata yayarmu Kirista, malamar firamare, wadda ta riga mu fara rubutu da shekaru. Da aka zo sharhi ta ɗaga hannu.

"Ƙannena, labarinku ya yi daɗi, amma faston nan naku na kwali ne. Yaron da ya yi wata uku a makarantar Baibul ba zai yi shiru a kan wannan tambaya ba. Ba malaminku ne ya kayar da shi ba, ku ne kuka rufe masa baki."

Ɗayanmu ya ce, "To Yaya, ke ba mu amsar mana."

Ta ce Yesu da Aramiyanci ya yi wa'azi, manzanni kuma suka rubuta da Helenanci domin shi ne harshen da duniya ke ji a lokacin, kuma daga wancan zamani zuwa yau ko wasali ɗaya bai canja ba. Kalmar "manzanni" ce ta tayar da ƙura. Wani daga baya ya ce, "Manzanni kuma? Wa ya aiko su?" Wani ya jefa maganar da ba ta dace ba a kan littafinta. Ta tattara jakarta ta fita. Zama biyu aka yi ba ta zo ba.

Shugabanmu bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi, "Ku je ku rubuta amsar da fasto na gaske zai bayar. In ba za ku iya ba, ku cire fitowar."

Abu na farko da muka gano ya ba mu dariya da takaici. Rigimar da ta kori Yaya daga zaure ita kanta rigimar fassara ce. A kunnen Bahaushe Musulmi, manzo shi ne wanda Allah Ya aiko da saƙo. A Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa an ɗauki kalmar don ta tsaya a madadin wata kalmar Girkanci mai nufin wanda aka aika, wato mutanen da Yesu ya tura su yi wa'azi. Haka aka ɗauki "almajirai" aka ba mabiyansa. Waɗanda suka yi fassarar daga rumbun Hausar da suka tarar suka ɗebo, kuma rumbun nan cike yake da kalmomin makarantar allo. Wani Bajamushe ɗan mishan, Schön, shi ya fara wannan aiki, da taimakon Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai. Sabon Alkawari ya fito da Hausa a 1880, cikakken littafin kuma a 1932. Tun daga lokacin kalma ɗaya take zaune a gida biyu da ma'ana biyu, mu kuma muka yi cacar baki a kanta ba mu sani ba.

Sai batun harshe. A nan babu wani dogon saɓani tsakanin masu bincike, Kirista da waɗanda ba Kirista ba. Tsohon Alkawari da Ibrananci yake, in ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da ke da Aramiyanci. Harshen yau da kullum na mutanen Galili a ƙarni na 1 Aramiyanci ne. Littattafai 27 na Sabon Alkawari kuwa da Girkanci suka iso mana. Tun bayan yaƙe-yaƙen Iskandari Mai Girma, Girkanci ya zama harshen kasuwa da wasiƙa a gabashin tekun Bahar Rum, har Yahudawan Iskandariyya suka fara fassara littafinsu zuwa gare shi tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da Bulus zai rubuta wa Kiristocin birnin Rum wasiƙa, bai yi da Latinanci ba, da Girkanci ya yi. Ke nan malamin labarinmu bai tono wani asiri ba. Abin da ya faɗa yana cikin darasin farko da ake koya wa fasto.

Aramiyancin ma bai ɓace gaba ɗaya ba. Markus ya bar wasu kalmomi yadda ya ji su, sa'an nan ya fassara wa mai karatu: maganar da aka yi wa 'yar Yayirus, kalmar da aka faɗa wa kurma, kiran Abba a cikin addu'a. Kowane marubucin Hausa ya san wannan dabara. In muna rubutu da Turanci muka zo kan "sannu" ko "kunya", mukan bar kalmar a yadda take, domin mun san in muka juya ta za ta zube.

Inda gardamar take da nama shi ne a kan Matiyu. Wani bishop mai suna Fafiyas, na garin Hiyarafolis da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya yi rubutu a farkon ƙarni na 2. Littattafansa biyar sun ɓace, sai guntayen da wasu suka kwafo, musamman masanin tarihi Yusibiyus a ƙarni na 4. A cikin guntayen ya ce Matiyu ya tattara zantukan da harshen Ibraniyawa, kowa kuma ya fassara gwargwadon iyawarsa. Ya kuma ce Markus tafintan Bitrus ne, ya rubuta abin da ya tuna daidai, amma ba bisa jerin yadda abubuwan suka faru ba. Iraniyus na Liyon, wajen shekara ta 180, shi ma ya ce Matiyu da harshen Ibraniyawa ya rubuta. Da muka karanta wannan sai muka yi tsalle: ga shaida daga cikin gida, malaminmu ya yi gaskiya, akwai asalin da ya ɓace! (Wani abin dariya, shi Yusibiyus da ya adana mana maganar Fafiyas, a wuri guda ya bayyana shi da cewa mutum ne mai ƙaramar basira. Ashe marubuta sun daɗe suna yi wa juna haka.)

Murnar ba ta yi nisa ba. Masu bincike sun ce Matiyun da ke hannun mutane yau bai yi kama da fassara ba, kuma hujjarsu irin wadda za mu iya gwadawa ce da kanmu. Sai muka gwada. Muka ɗauki sakin layi ɗaya daga wani tsohon labarinmu, jimla bakwai, inda uwa take yi wa ɗiyarta nasiha daren da za a kai ta ɗakin miji. Kowannenmu ya koma gefe ya juya shi zuwa Turanci, ba mai leƙen na wani. Da muka haɗa takardun uku, ko jimla ɗaya ba ta zo iri ɗaya ba. Kalmar "haƙuri" kaɗai fuska uku ta fito da ita. Wani ya fara jimla da abin da wani ya ƙare da shi. Wani ya raba jimla biyu, wani ya haɗe. Ma'anar tana nan, uwar ba ta koma tana zagin ɗiyarta a takardar kowa ba, amma lafazin ya watse. Makaranta ɗaya muka yi, malaman Turanci ɗaya suka koyar da mu, duk da haka ga abin da ya faru.

To kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikin Markus yana cikin Matiyu, kuma a wurare da yawa kalmomin Girkancin a jere suke iri ɗaya. Wa'azin Yahaya Mai Baftisma a babi na 3 na Matiyu da babi na 3 na Luka kusan kalma da kalma ne. Mun buɗo su a intanet muka jera, ko wanda bai iya karanta baƙaƙen ba zai ga siffarsu ɗaya ce. Mafassara biyu da suka yi aiki daban ba sa haɗuwa haka, mun gani da idonmu. Sai dai in ɗaya ya kwafa daga ɗaya, ko dukansu sun kwafa daga rubutun Girkanci guda. Wannan ya sa akasarin masana suke ganin da Girkanci aka tsara Matiyun da muka sani, abin da Fafiyas yake nufi kuma wataƙila wani kundin zantuka ne daban. Ba a taɓa tono kwafin wata Linjila ta Aramiyanci daga ƙarni na 1 ba.

Akwai kuma shaidar wasa da kalma, wadda ta fi burge mu. A hirar Yesu da Nikodimu cikin Linjilar Yahaya, zancen ya rataya ne a kan kalmar Girkanci ɗaya mai ma'ana biyu, "daga sama" da kuma "a sake". Nikodimu ya ɗauki ɗaya, ana nufin ɗayar. Kamar mu gina barkwanci a kan "kai" na jiki da "kai" na nuna mutum: ranar da aka mayar da shi Turanci ya mutu. Wannan yana nuna marubucin da Girkanci yake tunani. Amma ga kishiyarsa: laƙabin Bitrus, wanda ke nufin dutse, a Aramiyanci ya fi zama daram, domin Kefa kalma ɗaya ce ga sunan da dutsen, a Girkanci kuwa sai da aka ɗan sauya ƙarshenta. Ke nan a ƙarƙashin rubutun Girkancin ana jin motsin wani harshe, kamar yadda ake jin Hausa a ƙarƙashin Turancin wasunmu.

Har yau akwai masu cewa Aramiyanci ne asali. Cocin Gabas tana girmama Feshitta, Baibul na Suryaniyanci, wanda reshe ne na Aramiyanci, kuma wani ɗan cocin, George Lamsa, ya fitar da fassarar Linjila huɗu daga gare ta a 1933 yana cewa ita ce tushe. Shi ne ya yaɗa cewa a misalin raƙumi da kafar allura igiya ake nufi, mafassara ne suka kuskure. Akasarin masana ba su karɓa ba, suna ganin Sabon Alkawarin Feshitta daga Girkanci aka fassaro shi, wajen ƙarni na 5. Abin da ya sa muka kalli juna shi ne, misalin raƙumi da kafar allura yana cikin Suratul A'araf, kuma malaman tafsiri sun kawo wata ƙira'a da aka jingina wa Ibn Abbas mai ba da ma'anar igiya mai kauri. Raƙumi ko igiya, an yi wannan zancen a gidajen biyu.

A nan muka gane cewa tambaya biyu muka cusa a bakin malaminmu muka mai da su ɗaya. Ta farko, da wane harshe aka rubuta? Wannan tana da amsa. Ta biyu, shin abin da aka rubuta ya riƙe abin da aka koyar? Malaminmu ya ɗauka amsar ta farko ta kashe ta biyu, wai tunda an fassara to an ɓata. Mu da muke cin abinci da fassara bai kamata mu bar shi ya faɗi haka ba. Gwajinmu ya nuna lafazi yana sauyawa, bai nuna ma'ana tana mutuwa ba. Amma bai nuna dole ta rayu ba. Wanda zai yi hukunci a kan amincin koyarwar sai ya bi wata hanya: wa ya ji, wa ya faɗa wa wa, shekara nawa a tsakani.

Da muka bi ta, ga abin da muka samu. Masana tarihi suna sa ƙarshen wa'azin Yesu wajen shekara ta 30. Rubutu mafi tsufa a Sabon Alkawari wasiƙun Bulus ne, daga wajen shekara ta 50. Akasari suna sa Markus wajen 70, Yahaya kuma kusa da ƙarshen ƙarnin. Tsakanin wa'azi da Linjilar farko akwai kimanin shekara 40 da zancen yake yawo a baka. Fasto na gaske zai ce shekara 40 ba ta kai a manta ba, waɗanda suka gani da ido suna raye. Zai kawo babi na 15 na wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, inda Bulus ya ce abin da ya karɓa shi ya miƙa, har ya jero sunayen shaidu. Zai kawo Galatiyawa, inda Bulus ya ce ya je Urushalima ya yi kwana 15 wurin Bitrus, ya kuma ga Yakubu. Zai ce Iraniyus yana yaro ya saurari Folikaf, Folikaf kuma ya zauna da Yahaya. Duk wanda ya yi karatun hadisi zai ji ƙamshin isnadi a nan, kuma Fafiyas da kansa ya ce ya fi amincewa da abin da ya ji daga bakin rayayyu a kan abin da ke cikin littattafai.

Malami na gaske kuma ba zai tsaya a kan harshe ba, zai shiga ta nan. Zai ce Bulus bai bi Yesu a zamanin wa'azinsa ba, kuma a cikin Galatiyawan nan dai ya ba da labarin yadda ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya a kan cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, to koyarwar wa za a kira ta manzanni? Zai ce Linjilolin huɗu ba su ambaci sunayen marubutansu a cikin nassinsu ba, Luka ma a gabatarwarsa ya nuna daga shaidu ya tattaro. Fasto zai amsa cewa saɓanin Antakiya a kan ɗabi'a ne, kuma wanda ke son ɓoye ɓaraka ba zai rubuta ta a wasiƙa ba. Haka za su yi ta yi har mota ta isa tasha. Manyan masana ma haka suke: Bart Ehrman ya fitar da littafi a 2005 yana nuna yadda masu kwafi suka sauya nassi, Richard Bauckham ya fitar da nasa a 2006 yana kare cewa Linjila a kan shaidar gani da ido ta tsaya. Dukansu sun iya Girkanci, takardu ɗaya suke dubawa.

Da muka gama sai muka ɗauki sabon rubutun muka tafi gidan Yaya ranar wata Asabar. Ta bar mu tsaye a ƙofa na ɗan lokaci kafin ta ce mu shigo. Muka ba ta haƙuri a kan maganar da aka jefa mata muna zaune ba mu ce uffan ba. Ta karanta sabuwar fitowar sau biyu.

"Yanzu na ga fasto," in ji ta. "Amma kun sa shi yana cewa Annabi Isa. Ba zai faɗi haka ba, Yesu Almasihu zai ce. Kuma ba zai ce Linjila kowane lokaci ba, Bishara zai ce."

Muka gyara nan take. Sai ƙaraminmu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yaya, mu ma muna da gyara ɗaya. Kin ce ko wasali bai canja ba."

Ya roƙe ta ta ɗauko Baibul ɗinta na Turanci ta buɗe ƙarshen Markus. A babi na 16, bayan aya ta 8, ga ɗan bayani da ƙananan baƙaƙe cewa ayoyi 9 zuwa 20 ba sa cikin kwafe mafi tsufa. Manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan, a aya ta 8 suka tsaya. Irin wannan bayani yana kan labarin matar da aka kama da zina a Linjilar Yahaya. Kwafen Girkanci da aka rubuta da hannu sun haura 5,000, mafi tsufa a cikinsu wani ɗan guntun Yahaya ne da ke ajiye a Manchester, wanda ake sa shi a ƙarni na 2, kuma yawansu ne ya sa ake iya gane inda aka ƙara da inda aka rage. Ta daɗe tana kallon shafin. Ta ce shekara da shekaru tana wuce bayanin nan ba ta tsaya a kansa ba. Ta ce bai taɓa imaninta ba, domin ba ɓoye shi aka yi ba, a cikin littafin aka buga shi, amma ba za ta sake cewa ko wasali ba. Mu ma ba mu fito gidan da wani addini daban da wanda muka shiga da shi ba. Ta kawo mana kunun gyaɗa, muka sha.

A zama na gaba ta zo, ta zauna inda ta saba. Muka karanta labarin. Yanzu fitowar motar ta kai shafi huɗu maimakon ɗaya, malam yana tambaya fasto yana amsawa, fasto yana tambaya malam yana amsawa, babu shewa, kuma direba ne ya katse su da neman cikon kuɗin mota. Wanda ya yi maganar nan daga baya a wancan zama ya ce mun lalata labarin, da can ya fi daɗi, yanzu ba a san wanda ya ci ba. Wasu mutum biyu suka goyi bayansa. Shugaba ya ce fitowar ta yi tsawo, mu rage shafi ɗaya. Yaya kuma ta ce malamin ne yanzu ya ɗan yi sanyi, ta san malamai, ba sa sakin magana da sauƙi haka, mu koma mu ƙara masa wuta.